Aikin da na ɓoye wa gida shekara uku

Tun da na tafi Ingila ban taɓa faɗa wa kowa a gida ainihin aikin da nake yi ba. In an tambaye ni sai in ce aikin asibiti ne, a ce Allah ya yi jagora, a wuce wurin. Gaskiyar magana kuwa a gidan kula da tsofaffi nake, a garin Biradfod. Awa 12 a tsaye, wani satin rana, wani satin dare. In yi wa tsoho wanka, in canza masa famfas, in ba shi abinci a baki, in juya shi a kan gado kada bayansa ya yi gyambo.

A watan Yulin 2022 na bar Kaduna. Lokacin jirgin ƙasa bai dawo aiki ba tun bayan harin 28 ga Maris, don haka mota na shiga zuwa Abuja, kowa a ciki bakinsa da addu'a har muka wuce Katari. Baba da kansa ya kai ni tasha a kan mashin ɗinsa, ya riƙe min jaka, ya ce in riƙe salla. Ƙalau na bar shi, da ƙafafunsa.

Hunturun farko ne ya fi ba ni wuya. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, ka fita aiki cikin duhu ka dawo cikin duhu. Akwai masallatai, akwai naman halal a shagunan 'yan Pakistan, amma sai in yi sati ban yi Hausa da kowa ba sai ta waya. Babbar Salla ta farko a wurin aiki ta same ni. Na yi kabbarorina a zuci ina aske wa wani dattijo gemu, mutumin da ɗansa ke zuwa duba shi sau ɗaya a wata. Ranar na yi kuka a banɗaki, na wanke fuska na koma.

Amma in na tura kuɗi gida sai in ji raina ya yi fari. Da aikin nan aka sauya rufin ɗakin Inna, da shi ƙanwata ta gama karatu, da shi ake yin layya duk shekara ba tare da an ci bashi ba. Da shi kuma aka biya asibiti bara, lokacin da hawan jini ya kayar da Baba ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Bana na samu hutun sati uku, na daidaita shi da Babbar Salla. Na sauka Abuja, na hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa. Da na fito naji ƙamshin ƙasar damina da hayaniyar masu keke Napep, sai da idona ya kawo ruwa. Kuɗin da aka ce in biya zuwa Tudun Wada ya sa na ɗauka cuta ta ake so a yi, ashe tun da aka cire tallafin mai a 2023 haka abin ya koma.

Washegarin Salla abin ya faru, a ƙofar gidanmu. An shimfiɗa tabarmi, ana ta kawo soyayyen nama, an fito da Baba a kan kujera. Kawu ya dube ni a gaban maƙwabta, a gaban yaran da na girma, ya ce, "To Malam, ashe wankin kashin tsofaffin Turawa kake yi a can? Da digirinka? Ga naka uban a kwance." Wani ya yi dariya, wani ya sunkuyar da kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban ce uffan ba, ƙanin mahaifina ne. Ɗansa ne ya ji daga bakin wani abokinsa da ke Manchesta, ya kawo masa.

Kwana nawa ke nan, maganar ta ƙi fita daga raina. Rabin farko bai dame ni kamar na biyu ba. Aikin halal ne, ban yi sata ba, ban yi roƙo ba, kuma naman da Kawu yake ci a lokacin daga gumin aikin ya fito. Amma "ga naka uban a kwance" ta soke ni, domin ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan duk daren da nake juya uban wani. Kuma Kawun nan, bayan kwana biyu ya aiko a tambaye ni ko akwai hanyar da zan ja ɗansa. Na ce a faɗa masa tun watan Mayun 2025 gwamnatin can ta sanar za ta rufe ɗaukar masu wannan aiki daga waje. Gaskiya na faɗa, amma na san zai ɗauka gaba ce.

Daren da ya yi min maganar na shiga ɗakin Baba. Na ɗaga rigarsa na ga ƙugunsa ya yi ja, fatar ta fara saɓulewa. Inna da ƙanina suna iya ƙoƙarinsu, ba wanda ya taɓa nuna musu. Da hammata suke ciccibarsa, ga hannun da ya shanye yana reto, abin da ke iya gurɗe kafaɗa. Na ɗebo ruwan ɗumi na goge masa jiki, na tsane shi sosai, na lanƙwasa gwiwarsa na juya shi ta ɓarin hagu, na sa matashi a bayansa, wani a tsakanin gwiwoyi. Mutumin da ya yi shekaru yana tsaye gaban inji a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, yau bai fi nauyin yaro ba a hannuna. Ya kau da kai saboda kunya, na ce, "Baba, ni ne fa." Bakinsa ba ya fita sosai yanzu. Ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, ya daɗe bai saki ba.

Inna tana bakin ƙofa tana kallo. Da muka fito ta ce, "Wannan ne aikin?" Na ce shi ne. Ta ce, "Me ya sa ka ɓoye min?" Na rasa amsa. Ta ce Allah ya yi min albarka, ta ƙara da cewa in daina sauraron kowa, sannan ta koma kan maganar da ta fi damunta, wato aure.

Saura kwana shida in koma. Da an ce shekara biyar ake yi a samu takardar zama ta dindindin, saura min biyu ke nan, a 2025 kuma aka fara maganar mayar da ita goma. In na zauna, wa zai sayi maganin Baba? In na tafi, wa zai juya shi? Na yi istihara, na kuma fara tambayar kuɗin haya a Unguwar Rimi, ko zan iya buɗe ɗan wurin koya wa mutane kula da majinyaci a gida, don gidaje irin namu suna da yawa a garin nan.

Kafin nan na rubuta jadawali na manna a bangon ɗakin Baba: juyi duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da diddige safe da yamma, kada a ba shi ruwa yana kwance. Ƙanina ya fara iyawa. Jiya da asuba na tashi na tarar har ya juya shi, sai dai ya manta matashin gwiwa, na miƙa masa.