Ranar da abin ya shigo ɗakin mahaifiyata

Shekara 11 ke nan ina aikin jinya a nan Kaduna, 7 daga ciki a sashen masu fama da shaye-shaye. Idan dangi suka kawo mutum, tambayarmu ta farko ita ce yaushe suka fara lura. Da wuya ka ji an ce wata biyu ko uku. Shekara huɗu, shekara shida, wani ma tun yana sakandare. To me ya hana ku zuwa? Sai uwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Rufa asiri muke ta yi." A zuciyata nakan ga laifinsu. Ban fahimce su ba sai da abin ya shigo ɗakin mahaifiyata.

Autanmu walda yake yi a Panteka. Da tiramol ɗaya ya fara, wai don ya iya wuni yana ɗaga ƙarfe. Wadda hukumar NAFDAC ta amince da ita ba ta wuce miligiram 50 ko 100 ba, amma ta bayan fage har 200 da 225 ake samu, ita ce kuma ke yawo a hannun samari. Ramar da yake yi, da gyangyaɗi da rana tsaka, da saurin fushi, duk abubuwan da nake rubutawa a katin 'ya'yan wasu ne kullum, amma da na gan su a jikinsa sai na ce gajiya ce. Sai da ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Mama ta ce jifa aka yi masa. Ni na san tiramol idan ta yi yawa tana kawo haka, kuma na san na daɗe da sani.

Abin da na fara yi kuskure ne. Na tara yayyenmu maza da kawu, aka zaunar da shi a tsakiya, mai wa'azi na yi, mai zagi na yi, Mama na kuka. Bai ce uffan ba. Washegari ya bar gida, sai bayan kwana tara muka gan shi. A wurin aiki an koya mana mu yi tambaya mu yi shiru, kada mu yi gardama da mara lafiya. Na iya wannan da ɗan kowa, na kasa da ɗan uwana.

Da ya dawo sai na kira shi gidana, na yi masa dambu, na bari yara suka yi barci. Ban ce masa ya daina ba. Cewa na yi, "Auta, gaya min, me take yi maka?" Ya daɗe yana juya cokali kafin ya ce, "Yaya, ni yanzu ba don daɗi nake sha ba. In ban sha ba ji nake kamar ana sara min ƙashi." Ashe sau uku yana gwada bari shi kaɗai. Kowane karo gumi, zawo, hanci na zuba, ciwon jiki, ga barci ya ƙaurace, rana ta biyu sai ya koma. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa shi lalatacce ne. Na faɗa masa jiki ne ya saba, duk wanda ya daɗe yana sha haka zai ji, mafi tsananin yakan lafa cikin kamar mako guda, kuma likita na da maganin da ke rage azabar. Na kuma tambaye shi ko yana haɗawa da roci ko diyazefam, ƙwayoyin sa barci, domin daina shan waɗannan farat ɗaya na iya jefa mutum cikin jijjiga mai haɗari. Shi ya sa hankalina ke tashi in na ji an kulle yaro a ɗaki wai sai ƙwaya ta fita daga jininsa.

Kawu dai gidan mari ya kawo shawara, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Na tuna masa Rigasa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a can, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Iyayensu ba ƙinsu suke yi ba, rasa wurin kaiwa suka yi. Ban raina addu'a ba, kuma ban hana Mama tofinta ba, har bakin asibiti ta raka mu da shi. Mari ne na ƙi.

Sai maganar suna. Asibitin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa da ke Barnawa yana da sashen masu shaye-shaye, amma a bakin mutane sunansa asibitin mahaukata. Mama ta ce, "A ce an kai ɗana can? Wa zai ba shi mata?" Ina da amsa a kaina: binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya ke amfani da su, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Amma lissafi ba ya sanyaya zuciyar uwa. Wata dattijuwa na roƙa, wadda ɗanta ya bi ta wannan hanya yanzu yana da 'ya'ya biyu, ta zo ta wuni da Mama. Abin da na kasa cikin wata guda ta gama shi kafin la'asar.

Sauran matsalolin ƙanana ne a ido, amma su ke mayar da mutum gida daga bakin ƙofa. Ya ɗauka likita zai miƙa shi ga NDLEA, hukumar da ke yaƙi da miyagun ƙwayoyi, sai da na rantse masa sirrin mara lafiya amana ce. Bai so abokan aikina su gan shi, don haka ban kai shi inda nake ba. Mai cin na yau da guminsa ne, in bai fita ba babu, shi ya sa na ɗauki adashina, yayanmu ya je ya roƙi maigidansa ya riƙe masa gurbi. Ranar farko ni na tare mana Keke Napep, na zauna kan benci tare da shi har aka kira sunansa.

Bayan wata huɗu ya koma, a bikin wani abokinsa. Na yi kuka, duk da sau da yawa ina gaya wa iyaye cewa komawa ba ƙarshen magani ba ce, kamar mai hawan jini ne da jininsa ya sake hawa. Tsorona shi ne jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da ya saba ɗauka a da, a nan ake rasa wasu. Amma wannan karon bai gudu ba. Shi ya bugo min waya bayan isha'i ya ce, "Yaya, na yi ɓarna."

Muka koma wurin likita da safe. Yanzu wata goma ke nan. Jiya ya kira ni ya ce ranar ganin likitansa ta zagayo, kada in nemi izini a wurin aiki, zai je da kansa.