Shekarar da na yi ina kwashe kashin giwa

Ranar da na fara aiki a sashen giwaye, shebur da baro aka fara miƙo mini. Na taho daga gida da takardar likitan dabbobi, ina tsakiyar karatun digiri na biyu a Turai kan haihuwar manyan namun daji, kuma makaranta ta tura ni wani gidan zu in yi shekara guda ina koyon aiki. A zatona ɗakin gwaji za a wuce da ni. Shugabar masu kiwon, wata dattijuwa da ta haura shekara talatin a cikin giwaye, ta nuna mini tulin kashin da aka kwana ana zubarwa, ta ce in fara daga can. Giwa a garin wani zomo ce. Na naɗe hannun riga.

Giwaye shida ne a gidan, duk na Asiya. Akwai tsohuwar da nake kira Kaka a raina, da 'ya'yanta mata biyu, da jikokinta biyu, namiji ɗan shekara shida da mace 'yar shekara biyu da rabi, sai kuma toro a nasa ɓangaren. Wanda ya saba da giwayen Yankari zai ga bambanci tun daga nesa. Ta Asiya kunnuwanta ƙanana ne, bayanta kamar an kifa ƙwarya, goshinta tudu biyu, kuma leɓe ɗaya ne a bakin hannunta, ta Afirka kuwa biyu. Matan ba su da hauren da ake gani. Waɗanda suka rage a dazukan Asiya ba su wuce dubu 40 zuwa 50 ba, fiye da rabi a Indiya, kuma tun 1986 suke cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu.

A makon farko na kira Baffana, wanda shanu ne sana'arsa tun yana yaro. Ya ce, "To likita, ita wannan giwar nononta ake tatsa, ko huɗa ake yi da ita?" Na ce, "A'a Baffa, so ake ta haihu." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To a sake ta cikin 'yan uwanta da namiji mana. Har sai an ɗauko likita daga Najeriya?" Na yi dariya, na shiga yi masa bayanin abin da na karanto.

Abin da na karanto kuwa ba ƙarya ba ne. Macen giwa sai bayan mako 14 zuwa 16 take neman namiji, wato sau uku ko huɗu a shekara, kuma kwanaki ƙalilan ne ƙofar take a buɗe. Tana da wani abu da ya bambanta ta da shanu da dawakai: sinadarin da ke sa a saki ƙwai sau biyu yake tashi a jininta, mako uku tsakani, kuma na biyun ne na gaske. Don haka in ka kama na farko a gwajin jini, ka san ranar da za ka shirya. Da wannan ilimi ne aka samu ɗan giwar Asiya na farko ta hanyar ɗura maniyyi a 1999, a jihar Missouri ta Amurka. Ciki yana kai kusan wata 22, ɗan ya fito da nauyin kilo ɗari ko kusa da haka, uwar kuma ba za ta sake haihuwa ba sai bayan shekara huɗu ko biyar. In kuma aka bar mace ta manyanta ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, mahaifarta kan cika da ƙari, ta lalace. A da haihuwar giwa a gidan zu abin buga ganga ne: da aka haifi wani ɗan giwa mai suna Packy a birnin Portland na Amurka a 1962, an shekara 44 ba a ga irinta a nahiyar Amurka ba.

Wannan na zo nema, kuma na samu, amma bai ci ko kashi ɗaya cikin goma na lokacina ba. Sauran duk ya tafi a kashi da ƙafa da baki.

Kashin ma ashe karatu ne. Dattijuwar takan fasa dunƙule da takalminta ta duba: ya bushe ko ya yi ruwa, ingiricin ya niƙu ko ya fito da tsawonsa, na wace ce, nawa ta yi cikin dare. In ya fito da tsawo, a duba haƙoran tsohuwa, domin giwa jeri shida na turamen haƙora take fitarwa a rayuwa, ɗaya bayan ɗaya, in na ƙarshe suka cinye shi ke nan. Ƙafa kuwa ita ce babbar matsalar giwa a tsare. Dabbar da aka halitta don ta yini tana tafiya tana tsinkar ganye, in aka tsayar da ita a kan daɓen siminti mai danshi, farcen zai tsage, tafin ya ruɓe, ciwon ya bi ƙashi ya hau. Shi ya sa aka zuba yashi mai zurfi a ɗakunansu, ake rataye abinci sama ana ɓoye shi a ramuka don su motsa. Farce biyar ne a ƙafar gaba, huɗu a ta baya, kuma kowanne sai an bi shi da wuƙa da magagari. Na ƙware a goge farcen giwa tun kafin a bar ni in taɓa sirinji.

Duk wannan ta bayan shinge ake yi. Babu mai shiga cikinsu. A da, masu kiwo tare da giwaye suke tsayawa, da sanda mai ƙugiya a hannu, mutum ya zama shi ne shugaban garke, kuma an yi asarar rayukan masu kiwo da dama ta haka. Yanzu yawancin gidajen zu na Turai da Amurka sun koma tsarin shinge: katangar ƙarfe mai tagogi, giwa ta miƙo ƙafa ta nan, ta manna kunne ta can. Kayan aikin sanda ce da aka ɗaura wa ƙwallo a kai, da usur, da guga cike da yankakken tuffa da karas. In ta taɓa ƙwallon da inda ake so, a busa usur a ba ta lada. In ba ta ga dama ba ta juya ta tafi abinta, kuma ba abin da za ka iya yi.

A nan ne na yi wautata. Kowace safiya sai an kira 'yar ƙaramar nan bakin shinge an ce ta buɗe baki, an leƙa harshenta, an sa ta manna kunne an shafa bayansa inda jijiyoyi suke, an taɓa ta da allurar da ba ta da tsini. Kullum, har Lahadi. Wata rana aka bar mini aikin, ina da rahoton da zan miƙa a makaranta, na dube ta tana ta guje-guje da tsohuwar taya, na ce lafiyarta ƙalau, na rubuta a littafi cewa an yi. Dattijuwar ta gane, domin tuffar na nan a guga yadda aka yanka ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in biyo ta ofis, ta buɗe wata durowa ta fito da hotunan 'ya'yan giwa biyu da suka mutu a hannunta shekarun baya, ta ajiye a gabana ta fita.

Cutar da ta kashe su a taƙaice ake kiranta EEHV, wata ƙwayar bairos ce da ke cin bangon jijiyoyin jini har ɗan giwa ya zubar da jininsa a cikin jikinsa. An fara gane ta ne bayan mutuwar wata 'yar giwa mai suna Kumari a gidan zu na Washinton a 1995, tana da wata 16. Kusan duk manyan giwaye suna ɗauke da ita a ɓoye ba ta yi musu komai. Ƙanana take kamawa, musamman daga lokacin da kariyar da suka samu daga uwa ta fara raguwa zuwa shekara takwas ko kusa. Gidan zu na Chester a Ingila kaɗai ya rasa 'ya'ya bakwai saboda ita. In ka jira har kai ya kumbura, harshe ya koma shuɗi, yawanci ka makara, wani ɗan ba ya ƙara kwana biyu. Dabara ɗaya ce: a kama ƙwayar a jini tun ɗan yana wasa. Jini kuwa ba ya ɗibuwa daga giwar da ba ta yarda ta ba ka kunnenta ba.

Wata huɗu bayan haka, cikin hunturu, wani matashi cikin masu kiwon ya ce 'yar ta kwanta da hantsi, lokacin da ba ta saba kwanciya ba. Iyakar abin da ya gani ke nan. Na duba ta, ba zazzaɓi, tana cin abinci, harshe ja. Da ni kaɗai ne da na ce a bari zuwa gobe. Dattijuwar ta ce a ɗebi jini yanzu. Aka kira 'yar, ta taho a hankali ta manna kunne a tagar da ta saba, aka ɗiba, mota ta tafi da shi. Kafin magariba aka bugo waya: ƙwayar na nan, kuma ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa sun fara sauka.

Kwana tara muka yi ba wanda ya yi barcin kirki. Ana ba ta maganin bairos, ana ɗura mata ruwa ta dubura lita-lita, ana ƙara mata ruwan jinin da aka ɗiba daga toron gidan, wanda shi ma an shekara ana koya masa tsayawa cik da allura a kunne. Wasu lokutan sai an yi mata allurar da za ta sa ta yi laushi a tsaye, uwar tana ɗaki na kusa da hannunta ta cikin shinge a kan bayan 'yar. A kwana na huɗu kan ya ɗan kumbura, na fita waje cikin sanyi na yi ta addu'a. A na bakwai lissafin jinin ya juyo. A na tara ta fizge tiyo daga hannuna ta jiƙa ni sharkaf. Ba kowane ɗa ke tsira ba ko da an yi duk wannan, kuma har yau likitoci na gardama kan wane ne cikin magungunan yake aikin. Bayan na baro su ne labarin rigakafi ya fara fitowa: a 2024 aka yi wa wata giwa mai suna Tess allurar gwaji a birnin Houston na Amurka, Chester ma sun yi nasu gwajin.

A dararen nan ne dattijuwar ta ba ni labarin yadda ake karɓar haihuwa lokacin da ta fara aiki. A ware mai naƙuda ita kaɗai, a ɗaure ƙafafunta da sarƙa, ɗa na faɗowa a janye shi, domin an sha ganin uwa ta tattake ɗanta. Ta ce sun daɗe suna ɗauka mugunta ce. Ashe yawancin uwayen nan tun suna ƙanana aka raba su da garkensu a Asiya, ba su taɓa ganin haihuwa ba, abin da ya faɗo daga jikinsu tsoro yake ba su. Ita wannan 'yar da muke jinya cikin dare aka haife ta, a kan yashi, a tsakiyar danginta, mutane na kallo ta kyamara kawai. Kaka ce ta tashe ta tsaye, innarta da ba ta taɓa haihuwa ba tana gefe tana kallo. Na tuna maganar Baffa. Da na gaya masa daga baya, cewa ya yi, "Ai ko karsana a garke take koyo." Bai ga abin mamaki a ciki ba.

Akwai abin da har na taho bai kwanta mini ba, shi ne maganar maza. Rabin abin da ake haifa maza ne, garken giwa kuma na mata ne, namiji in ya tasa dole ya fita. Toro idan ya balaga yana da lokacin da yake shiga wani hali da ake kira mast, kalmar Farisanci mai nufin maye: wani ruwa na tsatsafowa daga gefen kansa, fitsari na ɗiga, ya yi makonni ko watanni ba ya jin kira. Ba kowane gida ke da ginin da zai riƙe irinsa ba. Daga gidan zu na Rotterdam a ƙasar Holan ake tsara wace giwa za ta je ina a duk Turai, kuma wasu gidaje irin na Heidelberg a Jamus sun koma riƙon samari zalla, amma dabbar da za ta iya kai shekara sittin ba a gama da ita da wuri. Ga kuma binciken da ya fito a 2008, wanda ya nuna matan da aka haifa a gidajen zu na Turai rabinsu ba sa wuce shekara 19, alhali giwayen da ke jan katako a ƙasar Bama (Myanmar) suna kai kusan 42. Masu kiwo za su ce maka lissafin na zamanin siminti da sarƙa ne, kuma da gaskiyarsu. Amma ni dai na san giwayen da na yi wa hidima ba mai mayar da su dajin Asiya, kuma abin da ke cinye 'yan uwansu a can gonaki ne da hanyoyi da layin dogo da suka datse musu daji. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne cutar nan ta EEHV tana kashe 'ya'yan giwa a Indiya da Tailan ma, kuma yawancin abin da aka sani game da ita daga bakin shinge irin namu aka samo shi.

Saura mako uku in gama aka zo ɗaukar ɗan saurayin. An yi watanni ana koya masa shiga akwatin ƙarfe da kansa, ranar kuwa ya shiga yana tauna rassan da aka zuba masa, aka rufe, injin ɗaga kaya ya ɗora shi a mota. Ina tsaye kusa da Kaka, shinge ne kawai tsakaninmu. Bakinta a rufe, ban ji ƙara ba, amma fatar goshinta na karkarwa, kuma wani abu na kaɗa mini ƙirji kamar an tayar da babbar mota a nesa. Irin wannan karkarwar ce wata mai binciken sautin dabbobi, Katy Payne, ta ji a gidan zu na Portland a 1984, har aka gano giwaye na magana da sautin da ya yi ƙasa da abin da kunnen mutum ke kamawa. Daga cikin akwatin ya amsa, wannan kam kowa ya ji. Motar ta fita, uwarsa ta tsaya a ƙofar da ya bi har dare, ba ta taɓa ingiricin da na zuba mata ba.