Uba, uwa da 'ya'ya a dandamali ɗaya: yadda muke shirya wasan bale na Disamba

Makarantar rawar da nake riƙe wa aikin bayan dandamali ƙarama ce, amma duk Disamba sai ta fitar da Nutcracker, wani wasan bale, wato rawar da ke ba da labari da kiɗa da motsin jiki ba tare da magana ba, kamar yadda ƙananan makarantu da yawa ke yi a Amurka. Wasan ya daɗe. An fara nuna shi a gidan wasan Mariinsky na St. Petersburg a Rasha cikin Disamban 1892, da kiɗan da mai tsara kiɗa Tchaikovsky ya rubuta. Bai zama al'adar ƙarshen shekara a Amurka ba sai bayan da ƙungiyar bale ta San Francisco ta nuna shi cikakke a 1944, sannan mai tsara rawa George Balanchine ya tsara nasa a New York a 1954, ya cika shi da yara. Abin da ya sa ƙananan makarantu ke manne masa shi ne yana da gurbin kowa. Kashin farko yana buɗewa da liyafa a cikin gida, inda ake buƙatar iyaye, kakanni, baƙi da yara masu guje-guje, sai yaƙin ɓeraye da sojoji, ya rufe da rawar dusar ƙanƙara. Makaranta irin tamu ba ta da manyan maza 'yan rawa, don haka iyayen ɗalibai ake roƙo su shigo. Da haka za ka tarar gida ɗaya ya ba da uba a liyafa, 'ya a cikin ɓeraye, yayarta kuma a rawar dusar ƙanƙara.

Wannan shi ne daɗin wasan, kuma nan wahalarsa take. Yawancin matsalolin da na gani ba daga ƙafafun 'yan rawa suka fito ba. Sun fito ne daga mantawa da cewa wanda ke kan dandamali ba zai iya zama mai reno a lokaci guda ba.

Tun daga rabon gurabe, wanda muke yi a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, muke rubuta sunaye gida-gida maimakon ɗaiɗai. Muna da rukuni biyu masu karɓa-karɓa, kuma 'yan gida ɗaya duk rukuni ɗaya muke sa su, don kada iyaye su yi ta jigila kowace rana, kada kuma kaka ta sayi tikiti biyu don ganin jikoki biyu. Amma akwai inda muke raba su da gangan: wadda za ta maye gurbin mai babban matsayi idan ta kasa zuwa ba za ta fito daga gidansu ba. Disamba lokacin mura ne. Idan ta shiga gida, kowa take bi, sai a wayi gari mutum uku sun fita daga wasan a dare ɗaya. Idan 'yar malama tana cikin masu neman babban gurbi, malamar waje muke gayyatowa ta yi zaɓen. Iyaye suna gani, kuma wannan kaɗai yana kashe rabin ƙorafin tun bai taso ba.

Maganar takalmin tsayuwa a kan yatsu kuwa, ba ta iyaye ba ce. Malama ce ke duba ƙarfin idon sawu da tsayuwar yarinya, kuma da wuya ta yarda kafin shekara 11 ko 12. Uwa za ta zo ta ce, "Malama, ai ƙawarta ta fara." Amsar ɗaya ce kullum. Wasan dare biyu bai kai a lalata wa yarinya ƙafa ba.

Koyar da iyaye maza aiki ne na daban. Abin da ake so su yi ba shi da yawa: shigowa da takama, rusunawa, miƙa hannu ga abokiyar rawa, sai rawar kakanni da ke rufe liyafar. Wannan rawar tana farawa a hankali da ƙirga uku-uku, sai ta juye ta koma sauri da ƙirga biyu-biyu, kuma daidai wurin juyin nan ne suke ɓacewa. Muna fara koya musu ba kiɗa, ƙafa kawai da ƙirga da baki, sai ta zauna sannan a kunna. Atisaye shida zuwa takwas na awa ɗaya ya isa, muddin ba a canja musu tsari a tsakiya ba. Yaro ɗan bale zai karɓi gyara ranar ƙarshe ya riƙe, amma uban da ya haddace hanyarsa da ƙyar, idan aka taɓa ta, komai ya rushe. Bidiyon da za su duba a gida daga bayan malama muke ɗauka, don hagunta ta zama hagunsu. Kuma sai an yi ta tuna musu su daina ƙirga da leɓe, domin 'yan layin gaba suna gani.

Abu mafi wuya gare su shi ne lokacin da ba rawa suke ba. Sai su jeru kamar masu jiran mota, ko su ba 'yan kallo baya. Muna raba su uku-uku, kowane rukuni da abin yi: wannan na gaisawa, wancan na duba kyaututtuka, wani na lallashin yaro. Ƙirji ya ɗan karkata wajen 'yan kallo, baki na motsi ba sauti. Takalmin da suke yawo da shi a titi ba ya hawa dandamali, saboda yashin da ke ƙasansa yana karce ledar da aka shimfiɗa a dandamali, robarsa kuma tana kamewa idan an zo juyawa.

Ko a haɗa uba da ɗansa na cikinsa a matsayin iyali ɗaya a liyafar? Mun gwada duka biyu. Ƙananan da ba su kai shekara bakwai ba sun fi natsuwa idan hannun mahaifinsu suke riƙe da shi. Waɗanda suka wuce haka kuwa gara a ba su wani uban. Da nasu sai shagwaɓa ta tashi, uban ya shiga tsawatarwa da ido, ya saki ƙirgarsa, yaron kuma ya daina kallon inda zai tsaya.

Kiɗa na faifai muke amfani da shi. Wanda aka fara atisaye da shi a Satumba, shi za a kunna a daren wasa, domin kowace ƙungiyar makaɗa da irin saurinta, kuma ɗan bambanci kaɗan ya isa ya watsa yara ashirin. Cikakken kiɗan ya kai kusan awa ɗaya da rabi, don haka muna rage wasu sassa, amma a ƙarshen jimlar kiɗa ake yankewa, ba a tsakiyarta ba. Kiɗan Tchaikovsky ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, amma faifan da wata ƙungiya ta naɗa yana da masu shi, sai an nemi izini. Haka ma ba a kwafe tsarin rawar wani daga bidiyo a ce naka ne. A daren wasa kwamfuta biyu muke ajiyewa a shirye, an kashe duk wata ƙarar saƙo a kansu.

Ƙasan dandamali shi na fi ɓata lokaci a kai. Ledar rawa muke shimfiɗawa a kan katako. Idan siminti ne a ƙasa, tsalle yana komawa ƙwauri da gwiwa, leda ba ta rage komai. Ta kan sandare idan ta kwana cikin sanyi a naɗe, don haka kwana ɗaya kafin atisayen farko muke warware ta ta miƙe, sannan a ja ta a manne haɗin da faffaɗan salatif. Ba a taka garin ƙaro a hau ta, yana bar mata tabo mai danƙo. Makonni kafin nan mun riga mun auna faɗi da zurfin dandamalin zauren, mun zana su da salatif a ɗakin atisaye, da alamar tsakiya da lambobi a bakin gaba. Idan ba a yi haka ba, yara za su iso fili mai faɗi su dunƙule a tsakiya, ko su iso matsattse su yi ta karo a gefen labule.

Dusar ƙanƙara takarda ce da aka yayyanka ƙanana, irin wadda aka yi wa maganin hana kamawa da wuta, domin kusa da fitilu take zubowa. Ana zuba ta cikin dogon ƙyalle mai tsage-tsage a gefe ɗaya, a rataye shi tsakanin sanduna biyu a sama, mai igiya ya riƙa girgizawa a hankali. Kuskuren da aka fi yi shi ne sakin ta da yawa tun farko. Takarda a kan leda santsi gare ta, 'yan matan kuma juyi suke a kan yatsu. Yayyafi ake farawa da shi, sai dab da rufe labule a sake ta sosai. A ce musu su riƙa numfashi ta hanci in ya yiwu, don takardar kan shige baki. Da yake a nan kashin farko ke ƙarewa, hutun minti 15 zuwa 20 ya ishi mutum huɗu su share da faffaɗar tsintsiya. Idan za a sake amfani da takardar, sai an tankaɗe ta an bi ta da maganaɗisu, domin cike take da fil ɗin gashi, kuma ba wanda yake so fil ya faɗo masa a ido daga sama.

Ɓeraye su ne ƙananan yara, kuma kan ɓeran da suke sawa ta ragar baki kawai ake gani, gefe kuwa duhu. Sai sun yi aƙalla mako biyu suna atisaye da shi. Yana da zafi, don haka sai saura minti biyu su shiga ake ɗora musu. Ƙarar bindigar da ke buɗe yaƙin ɓeraye da sojoji muna kunna musu ita tun da wuri, fitilu a kunne, su saba. Haka ma ake sabar da yaran da ke ɓuya ƙarƙashin wani ƙaton siket a kashi na biyu, wanda galibi wani uba ne ke ɗauke da shi a kan abin tsayawa mai taya. Ciki duhu ne, sai mun manna ƙaramar fitila mai batir, kowane yaro ya san sandar da zai riƙe, a riƙa tafiya a gicciye taku ɗaya-ɗaya.

Tufafi ana awo a Satumba, a sake awo a Nuwamba, don yara ba sa jiran tela. Rigunanmu da ƙugiyoyi layi uku ake rufe su a baya maimakon zif, riga ɗaya ta shiga yara biyu na rukunan biyu. Kowace da suna a ciki. Ba ci ba sha cikin kayan wasa sai ruwa, kuma kowa ya zaga bayi kafin a sa masa. Wurin da ya fi matsewa shi ne tsakanin liyafa da yaƙi, inda yarinya ke da 'yan mintoci ta cire doguwar riga ta koma soja. Tun farko take sa wandon soja a ƙarƙashi, sauran kayan kuma suna cikin kwando a jere, na farkon sawa a sama. Mai taimaka mata ba za ta zama mahaifiyarta ba idan ita ma tana cikin wasan, domin a daidai lokacin ita kanta tana fitowa da dogon siket da safar hannu. Takalmin yatsu kuma ba a sa sabo fil a daren wasa, sai wanda aka ɗan tattaka ya yi laushi, an ɗinke ribon da kyau, an cusa ƙullin ƙarƙashin ribon ta gefen ciki na idon sawu.

Kowane yaro yana da mai kula da shi wanda ba ya hawa dandamali, babba ɗaya ga ƙanana shida zuwa takwas, da takardar sa hannu a shigowa da fita. Amfanin wannan ya bayyana a wani dare da wata 'yar ɓera ta tsaya a gefen labule, kan ɓeranta a hammata, tana hango mahaifiyarta cikin haske tana rawar kakanni. Ta fara kiran "Mama" a hankali, hawaye na bin jan kwalliyar kumatunta. Uwar ta ji, kafaɗarta ta motsa, amma ta ci gaba da rawa, don ta san wa ke riƙe da 'yarta. Mai kula da ita ta durƙusa, ta juyar da ita ta ba haske baya, ta ce, "Zo ki riƙe min wutsiyar ƙawarki kada a taka." Yarinyar ta riƙe. Lokacin shigarsu na yi aka ɗora mata kan, ta fita da sauran.

Iyayen da suka gama nasu a kashin farko ba sa tsayawa a gefen labule don kallon 'ya'yansu a na biyu. Wurin ƙunci ne, 'yan rawa da gudu suke fitowa idanunsu ba sa gani bayan hasken fitilu, kuma yaron da ya hango babansa a nan sai ya karkata rawarsa can. Muna keɓe musu kujeru a bayan zaure su zauna, sai dab da gaisuwar ƙarshe a kira su. Ita ma gaisuwar sai an yi mata atisaye kamar kowace rawa, da wanda zai riƙe hannun kowane ƙaramin yaro.

Bayan wasan ƙarshe ba a cusa tufafi cikin akwati da gumi. A shanya su su sha iska, a ajiye siket masu tauri a kwance ko a rataye su a kife don kada su langaɓe, a goge cikin kawunan ɓeraye a bar su a buɗe su bushe. Leda kuma a naɗe ta a jikin bututu, kada a ninke ta. Duk ƙugiyar da ta cire da takobin da ya karye, a daren muke rubutawa a manna takardar a jikinsa kafin a rufe akwati.