Zoben Takarda Mai Fuska Ɗaya

Asabar, da dare.

Yau 'yar ƙanwata ta wuni a wurina. Shekarunta 11, kuma ko zama ba ta yi ba ta sanar da ni cewa ita da lissafi ba sa ga maciji. Maganar ta taɓa min zuciya, domin na san ba lissafin ta tsana ba, haddar da ake ɗora mata ba tare da ta ga amfaninta ba ce ta gundure ta. Ban yi mata musu ba. Na ɗauko tsohuwar kalanda da almakashi da biro da salatif, na ce ta zo ta kama min wani aiki.

Mun yanko takarda siririya doguwa, faɗinta kamar yatsu uku. Na ce ta haɗa bakin biyu ta yi zobe, amma kafin ta manna ta juya ɗayan bakin sau ɗaya, bayansa ya koma gaba. Na farkon ya ɓalle a hannunta saboda gefe ɗaya kawai muka liƙe, sai muka sake, muka zagaye mahaɗar da salatif ciki da waje.

Na miƙa mata biro na ce ta ja layi a tsakiya, kada ta ɗaga hannu har sai ta dawo inda ta fara. Tana ja tana turo takardar da ɗan yatsa, harshenta a waje. Da ta iso mafarin sai ta juya zoben tana neman fuskar da babu layi. Ta juya, ta sake juyawa. Babu.

"Kawu, ina bayan ya tafi?"

Na ce ba shi da baya, fuska ɗaya gare shi, kuma gefensa ma ɗaya ne. Ta ɗora yatsa a gefen ta bi shi, ya zagaya da ita sau biyu ya dawo da ita wuri guda. Na gaya mata ana kiransa zoben Möbius, da sunan wani masanin lissafi Bajamushe, August Möbius, wanda ya gano shi a 1858. A wannan shekarar wani Bajamushen, Johann Listing, shi ma ya gano shi da kansa, amma sunan na farkon ne ya bi zoben.

Sai muka zo wurin da na fi so. Kafin ta taɓa almakashi na sa ta rubuta hasashenta: in aka bi layin nan aka yanka, me za a samu? Ta rubuta "zobe biyu" har da ja masa layi a ƙasa. Wannan mataki ba na tsallake shi ko da wa nake wasan. Wanda bai faɗi abin da yake zato ba, in abin mamaki ya fito kallo kawai zai yi, amma wanda ya sa hannu a kan amsarsa sai ya nemi dalili.

Ta soke takardar da bakin almakashi ta bi layin a hankali. Da ta datse ɗan abin da ya rage, takardar ta warware ta zama zobe ɗaya tak, ninki biyu na tsawon na farko, a murɗe. Ta yi shiru tana riƙe da shi. Can ta ce wai na yi mata dabo. Na ce ai hannunta ne ya yanka, nawa na aljihu.

Na so in zuba mata bayani nan take, amma na daure na yi mata tambaya ɗaya: almakashin ya taɓa gefen takardar? Ta ce a'a, tsakiya ya bi. Na ce to gefen nawa ne? Ta ce ɗaya. Sai na ga idonta ya buɗe. Tunda gefen ɗaya ne kuma ba a datse shi ba, dole ya fita a haɗe, don haka ba yadda za a yi zoben ya rabu biyu. Da bakinta ta ƙarasa maganar, kuma wannan ya fi komai faranta min rai yau.

Zobe na uku ita ta haɗa. Wannan karon mun yanka kusa da gefe, kashi ɗaya cikin uku na faɗin. Ta yi hasashen zobe ɗaya, tana ganin ta gano lagonsa. Almakashin ya zagaya sau biyu kafin ya tarar da mafarinsa, sai ga zobe biyu sarƙe da juna, babba da ƙarami. Ƙaramin shi ne tsakiyar da ba a taɓa ba, har yanzu mai fuska ɗaya, babban kuma gefen ne da aka zare. Ta ja su, ta girgiza, sun ƙi rabuwa.

Da yamma, da hannu ya gaji da almakashi, muka ɗan taɓa lambobi. Na ce ta zaɓi lamba mai alƙaluma huɗu, ta jera su daga babba zuwa ƙarami, ta jera daga ƙarami zuwa babba, ta ɗebe. Ta zaɓi 2013. Daga 3210 ta cire 0123 ta samu 3087. Daga 8730 ta cire 0378 ta samu 8352. Daga 8532 ta cire 2358, ga 6174. Ta sake: 7641 a cire 1467, 6174 ɗin ce dai ta dawo. Wani malamin makaranta ne a Indiya, D. R. Kaprekar, ya gano haka a 1949, kuma ba a wuce zagaye 7 ba a faɗa kan lambar. Sai ta ce bari ta ƙure ni, ta kawo 7777, ta samu sifili. Ta yi gaskiya, na manta ban faɗa mata sharaɗin ba: kada alƙaluman su zama iri ɗaya duka. Na ji daɗin yadda ta nemo ɓarakar da kanta. Ta cika shafi biyu da ɗebewa, ita da ta ce ba ta son lissafi.

Da mahaifiyarta ta zo ɗaukarta, ta rataya sarƙaƙƙun zoben a wuya, ta kwashi ragowar kalandar. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Kawu, in na juya shi sau uku fa?" Na ce ta rubuta hasashenta tukuna, sannan ta yanka ta zo min da shi.

Yanzu haka ina haɗa mata na mako mai zuwa. Zobe biyu ne marasa murɗa, na manna ɗaya a kan ɗaya a gicciye. In aka bi tsakiyar kowannensu aka yanka, abin da ke fitowa firam ne mai kusurwa huɗu, a shimfiɗe. Na ajiye su a kan tebur tare da biro da farar takarda, kuma na ɓoye almakashin har sai ta rubuta.