Abin da Simone Signoret ta koya mini a rubutun fim

A masana'antarmu ta fim, mace takan shigo da ƙuruciyarta, ta yi tashe na 'yan shekaru, daga nan ko dai aure ya ɗauke ta, ko a wayi gari furodusa ya ce ta isa fitowa a uwa. Aikin uwar nan kuwa sananne ne: ta zauna a falo da carbi, ta hana aure ko ta tilasta shi, ta yi kuka idan ɗanta ya shiga uku. Sana'ata rubuta labarin fim ce a Kano. A wani kwas na rubutu da na yi, malaminmu ya ba kowane ɗalibi jaruma ɗaya daga wata ƙasa, ya ce a bi fina-finanta tun daga ƙuruciya har tsufa, a ga yadda marubuta suka riƙa sauya mata rawa yayin da shekarunta ke ja. Ni Simone Signoret ta faɗo mini, Bafaranshiyar da ta rasu tun 1985.

An haife ta a 1921 a garin Wiesbaden na Jamus, ta tashi a gefen Paris. Sunan gidansu Kaminker. Mahaifinta tafinta ne mai tushen Yahudawa, kuma da Jamusawa suka mamaye Faransa a 1940 ya tsallaka Landan wajen Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, ya bar mata nauyin uwa da ƙanne biyu tana 'yar shekara 19. Ta yi aikin ofis a wata jarida mai goyon bayan 'yan mamaya don a samu na sawa a baki, ta bari, ta koma neman fitowa a fim cikin taron mutanen da ake jerawa a bayan jarumai. Sunan mahaifinta haɗari ne a wancan zamani, shi ya sa ta ɗauki na dangin mahaifiyarta, Signoret.

Bayan yaƙi tauraruwarta ta haska, kuma da farko kyanta aka riƙa saye. Mafi shahara a fina-finan wannan zangon shi ne Casque d'or na darakta Jacques Becker a 1952, wanda bai yi kasuwa a Faransa ba lokacin da ya fito, amma Turawan Ingila suka ba ta lambar yabo a kansa. Da a nan labarinta ya tsaya, da babu abin da zan rubuta a rahotona.

A 1959 wani darakta ɗan Ingila, Jack Clayton, ya sa ta a Room at the Top. Ta fito a matar aure da ta fara manyanta, ba ta jin daɗin gidan mijinta, ta kamu da son saurayin da ta girme wa, shi kuma ya yar da ita don ya auri 'yar mai kuɗi. Shekarunta su ne ƙashin bayan labarin, ba a ɓoye su ba. Ta ci kyautar bikin fina-finai na Cannes a wannan shekarar, a 1960 kuma ta karɓi Oscar tana da shekara 39. Darasin farko da na ɗauka ke nan: idan marubuci ya ba mace babba abin da take so wa kanta, kuma akwai abin da za ta iya rasawa, mai kallo zai bi ta har ƙarshe. Uwayen fina-finanmu galibi ba sa son komai sai abin da ya shafi 'ya'yansu, shi ya sa da zarar sun gama faɗa sai labari ya manta da su.

Inda na fi daɗewa shi ne L'Armée des ombres na Jean-Pierre Melville, fim ɗin 1969 a kan 'yan gwagwarmayar ɓoye da suka yaƙi mamayar Jamus. Ta fito a Mathilde, wadda ita ce mai tsara dabara a cikin maza. Akwai fitowar da ta yi shigar ma'aikaciyar jinya ta Jamusawa, ta shiga gidan yari a Lyon da motar asibiti don ta fitar da ɗan'uwansu da aka azabtar. Likitan gidan yarin ya duba shi ya ce ba zai iya jure tafiya ba. An tsara komai, an sa rai a haɗari, ga shi kalma guda ta rusa shi. Ba ta roƙa ba, ba ta yi gardama ba, domin ma'aikaciyar jinya ta gaskiya ba za ta yi ba. Ta karɓi maganar, ta juya ta fita. Duk ciwon yana cikin ɗan jinkirin da ta yi kafin ta juya. Kuma marubutan sun ba ta rauni guda: hoton 'yarta da take yawo da shi, wanda aka gargaɗe ta ta daina ɗauka, ba ta daina ba. Da shi aka kama lagonta bayan an cafke ta, har abokan gwagwarmayarta suka yanke shawarar harbe ta a kan titi. Ita ma uwa ce, amma dubi yadda aka yi amfani da uwantakar. An bar hoton a jaka, an yi shiru a kansa, sai ranar da zai jawo mata kisa.

Daga wannan fim na koyi rage magana. Mu Hausawa muna da baki, karin magana a cike, kuma marubuci yana jin daɗin zuba su a takarda. Amma idan ka cika wa 'yar wasa baki da kalmomi, ka hana fuskarta aiki. Le Chat na 1971 ya ƙara tabbatar mini da haka. Ita da Jean Gabin suka fito a tsofaffin ma'aurata a wani gida da ake rushe unguwarsa a Courbevoie. Mijin ya mayar da duk ƙaunarsa kan kyanwa, matar ta kashe kyanwar don kishi, shi kuma ya daina yi mata magana sai ta 'yar takarda. Ana cin abinci a ɗaki ɗaya, kowa da tukunyarsa. Su biyun duka an ba su kyauta a bikin fina-finai na Berlin.

A wannan lokacin jikinta ya yi nauyi, fuska ta kumbura, kuma jaridu ba su raga mata ba. Ba ta gudu daga kyamara ba. A 1977 ma sai ta yarda aka ƙara mata tsufa da kwalliya don ta fito a Madam Rosa cikin La Vie devant soi: tsohuwar karuwa, Bayahudiyar da ta tsira daga sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi suka riƙa kashe Yahudawa, tana renon 'ya'yan mata masu zaman kansu a unguwar Belleville, cikinsu har da Momo, yaro Balarabe Musulmi wanda ta ga ya tashi a kan addininsa. Ka ga yadda take hawan benen gidan, hannu a kan ƙarfe, tana tsayawa tana haki, ka san duk abin da ya wuce ta kanta. Ta ci César, babbar kyautar fim ta Faransa, a 1978 tana da shekara 56, fim ɗin kuma ya ci Oscar na fina-finan harsunan waje.

Ina ganin wannan rashin tsoron bai rabu da yadda ta rayu a wajen fim ba. A 1960, shekarar da ta karɓi Oscar, ta sa hannu a takardar mutum 121 da suka goyi bayan masu ƙin zuwa yaƙin Aljeriya, abin da ya sa gwamnati ta rufe wa masu sa hannun ƙofar rediyo da talabijin. Ta rubuta tarihin rayuwarta a 1976, ta fitar da littafin ƙagaggen labari a 1985, shekarar da sankara ta yi ajalinta tana da shekara 64.

Bayan kwas ɗin na rubuta labarin wata bazawara mai shekara hamsin da wani abu, mai sayar da atamfa, wadda ke son ta sake aure 'ya'yanta suna hanawa. Furodusa ya tambaye ni wa zai kalli soyayyar tsohuwa, muka ja sosai kafin ya yarda a gwada. Muka kai wa wata dattijuwar 'yar wasa da ta daɗe tana fitowa a uwa. Ta karanta fitowar da babban ɗanta ke gaya mata ta ji kunya, inda na rubuta mata amsa mai tsawo. Ta ɗago ta ce, "Ɗana, wannan duk ni zan faɗa?" Na ce, "E, Hajiya, in kin ga ya yi." Ta ce, "Macen da ɗanta ya gaya wa haka ba ta da bakin magana. Cire. Ka bar ni in ci gaba da ninke atamfar, ka ce wa mai kyamara kada ya yi saurin yankewa." Na soke shafin gaba ɗaya, aka ɗauka yadda ta ce, kuma darakta bai nemi a sake ba.