Kafin ka juya bayanan kod zuwa rubutu zalla a taminal

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, yau maganar bayanan kod nake so muyi, wato rubutun nan da ake sawa a jikin furogaram don a faɗi me yake yi da yanda ake amfani dashi, da kuma yanda ake juya shi ya koma rubutu zalla wanda kowa zai buɗe ya karanta ko babu burauza. Aiki ne da ake rainawa sabida umarni ɗaya ne kawai a taminal, wato allon da ake buga wa kwamfuta umarni da rubutu, amma ni a wajen nan na taɓa yin asarar rubutun da na sha wahala kafin na haɗa shi, shi yasa naga gara in faɗa muku tun yanzu.

Da Perl zan fi yin misali sabida a can na koya. Larry Wall ne ya fitar da yaren a 1987, da Perl 5 ya fito a 1994 sai yazo da tsarin rubuta bayani da ake kira POD, inda zaka rubuta =head1 don babban kanu, =over da =item da =back don jeri, =cut don ka nuna bayani ya ƙare an koma kod. A cikin jimla kuma akwai B<...> na kauri, I<...> na karkace, C<...> na kod, L<...> na mahaɗi. Umarnin da yake cire duk alamomin nan ya jera maka rubutu mai tsafta shine pod2text, kuma galibi yana zuwa tare da Perl ɗin, ba sai ka sauke komai ba.

Bari in fara da wanda yafi min ciwo. Ina da fayiloli da dama na POD a folda ɗaya, naso in gansu duka a allo, sai na buga pod2text *.pod (alamar tauraron tana nufin duk fayil mai ƙarewa da .pod) na danna, ban ga rubutun da nake tsammani ba, na ɗauka wata ƴar matsala ce. Abinda ban sani ba a lokacin shine pod2text bibbiyu yake ɗaukar sunayen fayil, na farko shi zai karanta, na biyu shi zai rubuta sakamako a ciki, na uku ya karanta, na huɗu ya rubuta a kai, haka har ƙarshe. Kenan kusan rabin fayilolina ya danne su da rubutun maƙwabtansu, kuma bai tambaye ni ba, don a wajensa abinda na umarce shi yayi. Wallahi da na buɗe naga abinda ya faru jikina yayi sanyi, sabida ban saka su a Git ba, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli, kuma babu kwafi a ko'ina. Duka bayanin nan yana rubuce a takardar pod2text ɗin kanta, da na tsaya na buga perldoc pod2text na karanta layukan farko da na gani. Don haka in fayiloli da yawa zaka juya, ka rubuta ɗan zagaye a shel, furogaram ɗin da ke karɓar umarninka a taminal, ya bisu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan fitarsa daban mai ƙarewa da .txt, kuma kafin ka gwada umarnin da baka saba dashi ba akan alamar tauraro, ka tabbata aikinka yana Git. Ɗan'uwan wannan kuskuren shine ka rubuta pod2text a.pod > a.pod, shel yana share abinda ke cikin fayil ɗin da kibiya ta nuna tun kafin furogaram ya fara karatu, sai ka tashi da fayil fanko.

Kafin wannan ma akwai lokacin da nake ganin bana buƙatar pod2text gaba ɗaya, nace ai sed, umarnin nemo rubutu a musanya shi, zai yi, in cire harafi da ƴan kibiyoyin nan shikenan. Yayi aiki a jimloli masu sauƙi har na saki jiki. Sai aka zo kan C<< $obj->run >> inda ake ninka kibiyoyi sabida akwai wata kibiyar a cikin kod ɗin, nawa ya yanke a tsakiya ya bar guntu. Aka zo kan alama a cikin alama kamar B<I<...>> ya rikice, E<lt> da E<gt> da ya kamata su koma alamomin ƙarami da babba suka fito a matsayin lt da gt. Kullum ina ƙara faci akan faci. Gaskiyar magana tsarin rubutun nan yana da ƙa'idoji cikakku, kuma mutane irin su Russ Allbery, mai kula da kunshin podlators da pod2text yake ciki, sun daɗe suna gyara irin waɗannan ƙananan matsalolin, babu dalilin da zai sa ka sake farawa daga tushe da layi ɗaya na sed. Haka yake ga Markdown, wani tsarin rubutun da ake sa alama da taurari, kar ka zauna cire taurari da hannu, pandoc na John MacFarlane yana nan tun 2006, ka buga pandoc -f markdown -t plain ka huta. Masu Python kuma suna da python3 -m pydoc, masu Go suna da go doc.

Amma darasin da ya fi daɗewa bai shige ni ba shine abinda ido yake gani a taminal ba shine abinda ke cikin fayil ba. Na taɓa juya bayani da pod2text -c sabida kanun suna fitowa da kauri, wasu kalmomin kuma da launi, gwanin kyau, na tura shi cikin fayil na aika wa wanda muke aiki tare, ya buɗe a editansa yaga tarkace irin su [1m da [0m a gaban kowane kanu da bayansa. Launin nan ba wani abu bane illa lambobin ANSI da aka cusa cikin rubutun, taminal tana fassara su ta ɓoye su, edita kuma yana nuna su tsirara. Haka ma shafukan man, wato takardun bayanin umarni da ake karantawa a taminal, a wasu kwamfutocin in ka tura man ls cikin fayil zaka ga haruffa sun ninku da ^H a tsakaninsu, wannan tsohuwar dabara ce tun zamanin na'urar buga takarda, a buga harafi a koma baya a sake buga shi a kai don yayi kauri. Maganinsa ka bi dashi ta col -b, in kana so tab ma ya koma sarari ka sa col -bx. Yanzu duk fayil ɗin da zan aika sai na duba shi da cat -v tukuna, shi baya ɓoye komai. In kuma don kanka kake so ka karanta da launi to ka haɗa da less -R.

Sai maganar da ta shafe mu kai tsaye, masu rubuta bayani da Hausa. Haruffan nan namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, basa cikin ASCII, tsohon tsarin lambobin haruffa na Turanci, kowanne bayit 2 yake ci a UTF-8, tsarin da yake ɗauke da haruffan namu. In baka sa =encoding utf8 a saman POD ɗinka ba, manhajar zata yi ƙorafin taga harafin da ba na ASCII ba kafin a faɗa mata tsarin, sai ta koma zato, kuma pod2text yana ɗaukar wannan a matsayin kuskure ya fita da lambar gazawa, wanda zai iya tsayar maka da duk wani sikirif da ya dogara dashi. Ni abinda nayi a da, kuma nake nadama, shine na bi na cire lanƙwasar haruffan don ƙorafin ya tafi, na lalata rubutuna akan abinda layi ɗaya zai gyara. Ka sa layin, in kuma fitar tana zuwa a hargitse ka ƙara -u don ya rubuta da UTF-8. Dan Allah kar ka sadaukar da harafinka.

Ka kuma san me yake ɓacewa in an juya. A pod2text na yau da kullum I<...> yana komawa kalma tsakanin taurari biyu, C<...> galibi yana samun alamar zance, amma B<...> baya barin wata alama ko kaɗan. To in gargaɗinka na "kar a goge wannan fayil" kauri kawai ka dogara dashi, a rubutu zalla ya zama jimla kamar kowacce, gara ka bashi sakin layinsa shi kaɗai da kalmomi masu ƙarfi. Faɗin layi kuma 76 ne in baka canza da -w ba, yana tura rubutu ciki da sarari 4, amma duk sakin layin da ya fara da sarari ana ɗaukarsa misalin kod ne ba'a naɗe shi, kenan dogon layin kod zai zarce yanda yake, kai zaka karya shi tun a tushe. A pandoc abin 72 ne, ana canzawa da --columns.

Ƙananan abubuwa biyu da suka sha cinye min lokaci, mantawa da layi fanko kafin =head1 ko =item, sai umarnin ya manne da jimlar sama ya fito a rubutu kamar kalma, da mantawa da =cut, wanda yafi muni don Perl zai ɗauka kod ɗin da ke ƙasa duk bayani ne ya tsallake shi, pod2text kuma ya kwaso shi ya zuba cikin takardarka. Ka saba da buga podchecker kafin ka juya, yana kama =over da ba'a rufe ba da alamomin da suka karye harda lambar layi, amma mantuwar =cut sai ka karanta fitar da idonka.

In kuma README ɗinka, wato fayil ɗin da ke gabatar da aikinka, daga pod2text yake fitowa, to kar ka taɓa gyara shi da hannu ko da harafi ɗaya ne. Nayi haka, na zauna na gyara jimloli masu yawa a README, ranar da aka sake juyawa duk suka tafi sabida tushen bai san dasu ba. Gyara a fayil ɗin .pm ko .pod ake yi, sannan ka saka umarnin juyawar a Makefile, fayil ɗin da ake jera umarnan haɗa aiki, da duk zaɓin da kake amfani dasu, yanda duk wanda yazo bayanka zai buga abu ɗaya ya samu fitar iri ɗaya.