Sati na takwas: Gwaggo ta ba da labari ɗaya sau biyu

'Yan'uwa masu koyon nazarin hira da labari, ga inda na kwana.

Wata biyu ke nan ina zuwa gidan gwaggona, inda mata huɗu ke matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. Ina taya su ɓara, waya na gefen tabarma tana ɗaukar murya da izininsu. Da farko yanka hirar nake yi gunduwa-gunduwa: nan maganar kuɗi, can ta aure, can ta kasuwa. Da na karanta abin da na tara, sai na nemi Gwaggo a ciki na rasa.

Shi ya sa na koma kan tsarin William Labov, masanin harshe ɗan Amurka. Shi da Joshua Waletzky suka fara fitar da shi a 1967, a 1972 kuma ya jera gaɓoɓin labari shida: taƙaitawa, shimfiɗa, rikicewar al'amari, aunawa, warwarewa da rufewa. Aunawa ce ta fi ba ni aiki, wato inda mai labari ke nuna dalilin da ya sa a saurare shi.

Na gwada da labarin Gwaggo na 1975, shekarar da cuta ta cinye gyaɗa a Arewa, ana fitowa daga fari. Minti tara ne, amma sai da na yi awa biyu ina kwafewa. Sau uku ta ce "ko ƙwaya ba mu ɗauka ba", kuma kowane karo sai ta tsayar da tuƙin da take yi a turmi. A kwafin farko na goge biyu, wai maimaici ne. Ashe nan aunawar take. Don Allah kada ku goge maimaici.

Ran Talata ta sake ba da shi, matar ɗanta na zaune tana murza ƙuli. A karon farko mijinta ne ya sayar da bijimi aka sayi hatsi. A wannan karon ita ce ta kwashe tasoshinta na jere ta aika da su kasuwa. Duka biyun sun faru, wanda ke zaune ne ya zaɓa mata na faɗa. Gaɓoɓin Labov ba su nuna mini wannan ba, littafin da nake rubuta abin da ido ya gani ne ya nuna. Yanzu a kan kowane kwafi ina fara rubuta wa da wa ke wurin.

Da za ni gida na ce, "Gwaggo, ni ba ki gaya mini maganar tasoshi ba." Ta ce, "Kai kayan ɗaki gare ka?"